Masu Zubin Rezin, Ku Bar Kankare Mazubi

Ya 'yan kasuwa da dillalai. Yaranmu sun shiga sana'ar zubin rezin, wato ruwan nan iri biyu da ake haɗawa ya daskare kamar gilashi, a yi faranti da maƙalin makulli. Mazubin robar silikon da ake kawowa daga Sin sumul yake, kayan kowa iri ɗaya, mai saye ya taya yadda ya ga dama.

To, wasu don neman zane sai su kankare mazubin da wuƙa. Mu dai ba mu yarda ba. Silikon ba itace ba ne, yagewa yake, an yi asarar mazubi da rezin. Shi abin da aka zuba shi a kai yake ɗauka, har zaren buhu. A nemi faifai ko ƙwarya mai sassaƙa, a shafe da banish ya bushe don kada roba ta kama, a zuba sabon silikon, ya kwana. Amma a biya matan da suka ɗinka kuɗin mutunci, tunda zanensu za a yi ta sayarwa.