Ba Kullum Giyabos Ke Da Laifi Ba: Kira Ga Bakanikai Da Masu Akori-kura

Yau da fushina na zo, duk wanda maganar ta taɓa ya yi haƙuri.

Ina da wata tsohuwar akori-kura Peugeot 504, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna, inda kamfanin ya fara aiki a 1975. Da ita nake ɗaukar hatsi daga Tudun Hatsi a nan Gombe zuwa Kumo da Billiri. Ran nan na ɗauko masara, ina isa Tumfure sai kuloci ya tafi ƙasa kamar na taka auduga, giya ta ƙi shiga. Aka ja ni zuwa wani gareji. Bakaniken ko bonet bai buɗe ba, da ya ji harshena ba na nan ba ne, sai ya ce, "Alhaji, faranti ya ƙone, sai mun sauke giyabos." An ce baƙo ko da ido makaho ne. Na sayi sabon faranti, aka yi kwana biyu ana aiki, kuma tun kafin in bar unguwar ciwo ya dawo.

Wani dattijo da na je wa daga baya bai yi minti goma ba ya gano cutar. Ya zura hannu sama da feda, ya fito da yatsa jiƙe da man birki. Robar cikin mastan sama ce ta mutu, abin da kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da na kashe ba!

Jama'a, wannan kuloci ba tsafi ba ne. Idan ka taka, mastan sama ya tura mai ta cikin bututu zuwa na ƙasa da ke jikin giyabos, shi kuma ya tura ƙarfen da ke raba injin da giya. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. Saboda haka da zarar iska ta shiga ko mai ya zurare, ƙarfin ƙafarka ya tafi a banza.

To, kafin kowa ya kwance maka ƙusa ɗaya, ga abin da za ka duba da kanka. Kashe mota ka gwada sa giya. In ta shiga sumul, amma da ka tayar ta ƙi, kuloci ne ba ya saki. Taka shi sau biyar ko shida da sauri. In giya ta shiga bayan haka, iska ce ko roba. Buɗe kwanon mai, in ya ragu akwai yoyo, sai ka bi sawunsa a bayan feda da jikin tiyo da bakin na ƙasa. In mai bai ragu ba, sa giya ta ɗaya a fili, ka danne kuloci ka jira. In motar ta fara rarrafe da kanta, mastan sama ne ke sakin mai ta ciki. Faranti kuwa alamarsa daban ce: injin na ihu a hawa, mota ba ta ja, ga ƙauri. A nan ne maganar sauke giyabos ke da hujja.

Na san wani zai ce, ai tsohuwar mota ce, ko ba yau ba farantin zai mutu, canza shi ba asara ba ce. Ban yarda ba. Likitan da ya yanka mai mura don wai wata rana zai yi kaba, me za a kira shi? Wanda bai duba ba ya yanke hukunci, ko dai bai iya ba ko kuwa ya ga aljihu, kuma babu na zaɓe a ciki.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu masu mota namu laifin ya fi muni. Da idona na ga direba a tasha yana ɗura ruwan omo a kwanon mai, wani kuma baƙin mai. Ruwa na sa tsatsa a cikin masta, tsatsa ta cinye roba. Baƙin mai kuwa kumbura robar yake yi har ta lalace. Abin da aka yi domin wannan aiki shi ne man birki DOT 3 ko DOT 4. Shi ma yana shan laima daga iska. Sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, amma wanda ya sha ruwa yana iya sauka zuwa wajen 140, shi ya sa ake canza shi duk shekara 2. A wasu motocin ma kwano ɗaya kuloci da birki ke sha. Ka ɗura ruwan omo, ka ɗauki buhu goma da 'ya'yan mutane a kai, ka nufi gangaren hanyar Kaltungo, in abu ya faru ka ce ƙaddara ce? Malamai sun koya mana a ɗaure raƙumi kafin a yi tawakkali.

Fitar da iska ma ba ya bukatar kowa sai ɗan'uwanka. Ya danne kuloci, ka sassauta ƙusar da ke jikin na ƙasa, mai da kumfa su fito, ka ɗaure kafin ya ɗaga ƙafa. Ku maimaita har kumfa ya ƙare, kuma kada ku bari kwano ya bushe.

Ku bakanikai, akwai masu amana a cikinku, dattijon nan shaida ne. Ku koya wa yaranku bincike kafin sifana. Mu kuma da muka baro garuruwanmu muka zo neman halali, motar nan ita ce gonarmu. Kada ka ji kunyar cewa, "Malam, nuna mini inda ya lalace." Wanda ya san aikinsa ba zai ƙi ba.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba mu masu gyara na gari. Wassalam.