Fim ɗin The Infiltrator: ma'aikacin duwan da ya bi sawun kuɗin hodar ibilis

Duk mai kallon finafinan ƴan sanda da masu safarar miyagun ƙwayoyi ya san yadda suke ƙarewa: harbe-harbe, tseren motoci, sannan a jera buhuna gaban ƴan jarida. Fim ɗin The Infiltrator da ya fito a Amurka a shekarar 2016 ya bi wata hanya dabam, kuma ita ce ta sa muka ga ya dace mu kawo shi gaban ƴan kasuwa, maza da mata. Jami'in da ke cikinsa ya bar hodar, ya bi sawun kuɗinta.

Labarin ya faru da gaske. Robert Mazur, wanda Bryan Cranston ya fito a matsayinsa, ma'aikacin duwan ne na Amurka. Daga 1986 zuwa 1988 ya ɓad da kama a birnin Tampa na jihar Florida, ya koma attajiri mai suna Bob Musella, mai kamfanoni da ofis da sutura ta alfarma. Hajar da ya tallata wa mutanen gungun Medellin na ƙasar Kolambiya, gungun Pablo Escobar, guda ce tak: ku kawo kuɗinku, ni zan wanke muku su. A cikin jakarsa ta hannu kuwa akwai rakoda a ɓoye tana naɗar duk abin da aka faɗa.

Me ya sa manyan ƴan fataucin suka amince da shi? Domin babban ciwon kansu ba sayar da hoda ba ne. Masu saye suna nan. Matsalar ita ce tarin ƙananan takardun kuɗi da ake tarawa a tituna, waɗanda ba su shiga banki ba tare da an tambayi asalinsu ba. Dole sai an sami mai shago, ko mai shigo da kaya, ko mai canji, wanda zai ce cinikinsa ne. Kuɗin haram ba ya yawo tsirara, sai ya ari rigar ɗan kasuwa.

A watan Oktoba na 1988 aka rufe tarkon. An shirya auren ƙarya tsakanin Mazur da wata jami'a, aka gayyato dillalan da ma'aikatan bankin da ke musu aiki, suka zo cin biki da ƙafafunsu, aka yi awon gaba da su. Fim ɗin ya ƙara gishiri a nan, kamar yadda masu fim suka saba, amma ƙashin bayan labarin haka yake.

Wani zai ce ina ruwan mai sayar da atamfa a Maraɗi ko mai albasa a Galmi da abin da ya faru a Florida? Idan ba a manta ba, a watan Maris na 2021 hukumar OCRTIS ta kama tan 17 na ƙullin tabar wiwi a wani shagon ajiya a Yamai, kayan da suka shigo ta tashar jirgin ruwa ta Lome da nufin wucewa Libiya. A watan Janairu na 2022 kuma an kama kilo 214 na hodar ibilis cikin motar wani magajin gari a jihar Agadez. Irin wannan kaya ba ya tashi sama. Kamiyo yake shiga, shagon haya yake kwana, takardun wani yake ɗauka, a kan hanyoyin da shinkafarmu da yadinmu ke bi.

To, a nan ne ɗan kasuwa ke shiga haɗari ba tare da ya taɓa ganin hoda da idonsa ba. Wani ya ce ara mini asusunka na banki a turo kuɗi, zan ba ka goro. Wani ya ce bari in sa ƴan katan biyu cikin lodinka. Ranar da asiri ya tonu, sunan da ke kan takarda shi alƙali ke kira. Akwai kuma wata ɓarnar da ba a cika magana a kanta ba. Mai wanke kuɗi ba riba yake nema ba, don haka yana iya sayar da kaya ƙasa da yadda ya saro su, hankalinsa kwance. Matar da ta haɗa jarinta da adashe ba ta iya wannan gasa, ko da ta kwana a kasuwa. Shi ya sa muke ganin tambayoyin da bankuna ke yi kan asalin kuɗi, da rahoton da doka ta ɗora musu kai wa hukumar CENTIF, duk da gajiyar da suke sa mu, sun fi kare ƙaramin ɗan kasuwa fiye da yadda suke cutar da shi. Sharaɗin dai shi ne a yi wa mai miliyoyi tambayar da ake yi wa mai jika hamsin.

Bankin da Mazur ya bankaɗo shi ne BCCI, wanda Agha Hasan Abedi ɗan ƙasar Pakistan ya kafa a 1972, mai rassa a ƙasashe fiye da 70, har da Najeriya da Kamaru. A 1990 bankin ya amsa laifin wanke kuɗin ƙwaya, ya biya kimanin dalar Amurka miliyan 14. Bincike ya ci gaba, aka gano wasu almundahanan da suka fi wannan girma, ranar 5 ga Yuli 1991 hukumomi suka rufe shi. Fim ɗin bai tsaya kan waɗanda suka kwana ciki ba. A Ingila da yawansu ƙananan masu shaguna ne ƴan asalin Indiya da Pakistan, waɗanda suka ajiye jarinsu a can saboda ma'aikatan suna jin yarensu. An mayar musu da kaso mai yawa na kuɗinsu daga baya, amma kaɗan-kaɗan, kuma ba a kammala rabon ba sai a 2012, shekara 21 bayan an sa wa ƙofar bankin kwaɗo.