Tarewa Ƙasa da Ƙugu: Dokar da ta Tsaya a Rabin Hanya

Mai karatu, in ka ji Ba'amurke ya ce ƙwallon ƙafa, kada ka ɗauka irin wadda muke bugawa a filin makaranta yake nufi. Tasu mai siffar ƙwai ce, da hannu ake ɗaukarta a ruga da ita, 'yan wasa 11 a kowane ɓangare, kowa da hular kwano da sulken kafaɗa. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama 4 ta ci yadi 10, in ta kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Domin mai ƙwallo ya sami hanya, abokansa sukan sa jiki su tare 'yan ɗaya ɓangaren. A kan wannan tarewa nake so mu yi magana, musamman wadda ake yi ƙasa da ƙugu, inda ɗan wasa zai duƙa ya daki cinya ko gwiwar abokin karawarsa da kafaɗa, ya kwashe masa ƙafafu.

Shin doka ta yarda da haka a makarantun sakandare? Amsar ita ce a'a, amma da ƙofar raggo. Hukumar NFHS mai mazauni a Indiyanapolis, wadda ke rubuta dokokin wasan ga kusan dukkan jihohin Amurka, ta haramta ta, kuma hukuncinta shi ne a mai da ƙungiyar baya da yadi 15. Sai dai ta ware wani fili a inda ake fara wasa, yadi 4 dama da yadi 4 hagu daga wurin da ƙwallo take, da yadi 3 gaba da baya. A cikin wannan ɗan akurki an halatta tarewar, da sharaɗin cewa mai tarewa da wanda ake tarewa duk suna kan sahun gaba a cikin filin lokacin da aka saki ƙwallo, kuma a cikinsa karon ya auku. A 2016 hukumar ta hana tarewa daga baya ƙasa da ƙugu ko da a cikin filin ne. A 2021 kuma ta ƙara cewa dole tarewar ta zama motsi na farko, nan take bayan sakin ƙwallo. Wanda ya miƙe, ya ɗan jira, sannan ya nutsa ƙafafun wani, ya yi laifi.

A nawa ra'ayin, duk wannan kwana-kwana ce. Kamata ya yi a toshe ƙofar baki ɗaya.

Dalilina na farko gwiwa ce. Allah Ya yi ta domin ta lanƙwasa gaba da baya kawai. Idan takalmi mai ƙusoshi ya kafe a ƙasa, sannan kafaɗar wani ƙato ta daki gwiwar daga gefe, jijiyoyin da ke riƙe da ita ne ke ɗaukar nauyin. Wadda ke tsakiyar gwiwa in ta tsinke, galibi sai an yi tiyata, sai kuma watanni na jinya, ga barazanar ciwon gaɓa tun mutum bai tsufa ba. Kuma wa ake yi wa wannan? Yara 'yan shekara 14 zuwa 18, waɗanda ba a biyansu ko sisi, kuma mafi yawansu ba za su sake buga wasan ba bayan sakandare. Jijiyar gwiwa ba ta san wani fili mai yadi 8 da yadi 6 ba. Abin da ke tsinka ta a waje shi ke tsinka ta a ciki.

Na biyu, dokar tana ɗora wa alƙalin wasa nauyin da ido ba zai iya ɗauka ba. A cikin daƙiƙa guda, tsakanin samari da suka cakuɗe, ana so ya tantance wa ke kan sahu, ina karon ya auku, kuma nan take ne ko an ɗan jinkirta. Yaron da ake koya wa ma haka, yau a ce masa halal, taku biyu a gefe a ce haram.

Masu kare ta suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce ita ce makamin ƙarami. Makarantar ƙauye mai yara marasa jiki ba ta da yadda za ta tsai da ƙattin birni ƙirji da ƙirji, sai ta ƙasa. Sukan kawo misalin kwalejojin soja, na ƙasa da na ruwa da na sama, waɗanda suka daɗe suna dogara da wannan salo wajen karawa da manyan jami'o'i. Suna kuma tambaya, tunda an yarda a kayar da mai ɗauke da ƙwallo ta ƙafa, me ya sa za a hana a nan? To, mai ƙwallo ya san shi ake farauta, idonsa na kan masu zuwa. Wanda ake tarewa kuwa hankalinsa na kan ƙwallo, sai dai ya ji saukar kafaɗa. Batun ƙarami kuma, in nasararsa ba ta samuwa sai da gwiwar ɗan wani, koci ya nemo wata dabarar, ta sauri ko ta jifa.

Wasan nan ya sha canza kamanni saboda lafiyar 'yan wasa. Bayan mace-macen 1905, har Shugaba Theodore Roosevelt ya sa baki, aka yi gyare-gyaren 1906 da suka halatta jefa ƙwallo gaba. A 2022 hukumar jami'o'i, wato NCAA, ita ma ta taƙaita tarewar ƙasa zuwa tsakiyar sahu. Jihar Tekzas da dokokin NCAA take amfani a sakandarenta, saboda haka canji a can sai an bi ta wata hanya dabam. Amma a sauran jihohi alƙalami na hannun NFHS, kuma abin da ya rage mata ta soke layi ne guda a littafin dokokinta.