Jibin Ubangiji da Makomar Mace ta Biyu a Majami'un Malumfashi da Funtuwa

Kiristocin Hausa suna kiran cin gurasa da shan ƙoƙon da ake yi don tunawa da mutuwar Almasihu da sunan Jibin Ubangiji. Wannan jibi ba na bayan gobe ba ne, tsohuwar kalma ce mai nufin abincin da ake zama a ci. Sunan yana da nauyi, domin a al'adar Bahaushe abin kunya ne a buɗe akushi a gaban mutum ba a ce masa ya sa hannu ba. Duk da haka, a majami'u da dama na karkarar Malumfashi, Ƙafur da Funtuwa, akan wuce wasu da tiren gurasa, alhali sun shekara da shekaru suna sujada a wurin.

Sharaɗin farko, wato baftisma, ba ya jawo gardama. Haka ma wanda dattawan ikilisiya suka sa a horo saboda wani laifi, hanin nasa mai wa'adi ne. Inda gizo ke saƙa shi ne gidan mai mace fiye da ɗaya.

Akasarin Kiristocin wannan yanki tsatson Maguzawa ne, kuma a gidan Bamaguje mace ma'aikaciya ce a gandu, tana kuma da gayaunarta. Yawan mata da 'ya'ya shi ne ƙarfin noman dawa da auduga. Mishan ta tarar da wannan tsari a kafe, ta zo masa da hukuncin da aka yanke a wata duniya. A 1888 taron bishop-bishop na Angilikan a Lambeth ya hana yi wa mai mata da yawa baftisma. ECWA, wadda ta tsiro daga mishan ta SIM a 1954, ta gaji irin wannan tsanani. Dokar Katolika ta 1983, a sashe na 1148, ta ba mai neman baftisma damar riƙe ɗaya daga cikin matansa ko da ba uwargida ba ce, ya sallami sauran, tare da umarnin a kula da bukatunsu.

Hujjar ikilisiya ba ta banza ba ce. Tana tsoron in ta sassauta, wanda aka haifa cikin bangaskiya zai ƙara aure ya fake da kakansa. Sai dai hukuncin ya haɗa mutum biyu da ba su yi kama ba: wanda ya karya alkawarin da ya ɗauka a gaban bagade, da wanda bishara ta tarar da gidansa a ginanne. Nauyin kuma a kan mace ta biyu ya fi sauka. Sau da yawa iyaye ne suka aurar da ita tana ƙarama. Ita ce ke share majami'a, tana waƙa a Zumuntar Mata, tana ba da zakkar amfanin gayaunarta, amma kafin ta kusanci teburin sai aurenta ya mutu ko mijin ya rasu. In an sallame ta, al'ada ta bar 'ya'ya a gidan ubansu. Ke nan ana saye mata gutsuren gurasa da rabuwa da abin da ta haifa.

Angilikan da kansu sun waiwaya. A 1988, shekara ɗari cif bayan hukuncin farko, Lambeth ta yarda a yi wa irin wannan magidanci baftisma tare da matansa da 'ya'yansa masu ba da gaskiya, muddin ba zai ƙara aure ba, jama'ar wurin kuma sun amince, ba tare da an tilasta masa korar kowa ba. Wannan matsaya ta fi dacewa da gidajen Maguzawa, domin ta tsare ƙa'idar ba ta rushe gida ba.

A Oktoban 2023 taron majalisar Katolika a Roma ya buƙaci bishop-bishop na Afirka su yi nazari a kan auren mace fiye da ɗaya. A cikin wannan watan aka ƙirƙiro Dayosis ɗin Katsina, aka naɗa masa Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi. Tambayar yanzu tana gaban shugaban da ba ya bukatar tafinta kafin ya san mene ne gandu, ko abin da kalmar bazawara ke nufi ga mace mai 'ya'ya a ƙauye.