Daga Rumfata: Ganuwa ba ta mutum ɗaya ba ce



Shekaranjiya a rumfa ɗan ƙanena ya nuna mini hoton wani tsohon gidan sarautar Turai a waya, ruwa ya kewaye shi, gada ɗaya tak ake bi a shiga. Ya ce, "Baffa, mu ba mu taɓa yin irin wannan ba ko?" Na ce zauna, yaro.

Ganuwar Kano, Sarki Gijimasu ne ya fara ta, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134. Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), wanda ya kafa Kasuwar Kurmi, ya faɗaɗa ta. Da ƙasa aka gina ta, a bayanta kuma ga rami mai zurfi cike da ƙaya, doki ba ya tsallakewa. Wasu ƙofofin an shigar da su ciki, ta yadda mahari in ya matso, masu baka na samunsa ta dama da hagu. Dare na yi sarkin ƙofa ya rufe.

Ga inda muka bambanta da su. Nasu gida ne na basarake ɗaya da dakarunsa. Tamu kuwa ta rungume kasuwa, da Dala, da Gwauron Dutse, har da gonaki, don ko an yi wa birni ƙawanya a samu na tuwo. Damina ta wuce, jama'a su fito gayya su gyara inda ruwa ya cinye.

A Fabrairun 1903 igwar Turawa ta fasa Ƙofar Kabuga. A Yulin shekarar Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jawo jama'a gabas har bakin kogin nan, inda garin Mai Wurno yake yau.

Da yaƙi ya shigo Madani a Disambar 2023, ba mu da ganuwa ba mu da rami. Abin da ya riƙe mu, buhun dawar da maƙwabci ya buɗe wa gida huɗu, da 'yan'uwan ƙauye da suka ba mu ɗaki.

Don haka masu shugabancin unguwanni, a farfaɗo da asusun taimakon juna tun kasuwa na ci. Kowane ɗan kasuwa ya sa nasa duk Juma'a, ko kaɗan ne. Ni na sa nawa.

Allah Ya tsare mu, Ya zaunar da Sudan lafiya. Sai mako mai zuwa.