Macijin da ya ƙi cin abinci a Jamus

Makon jiya ɗan ƙanwata da ke Jamus ya kira ni hankalinsa a tashe. "Kawu, mesata ta yi wata biyu ba ta ci komai ba." Na ce mesa? A gidanmu in aka ga maciji, sanda ake ɗauka. Shi kuwa kuɗi ya zuba ya saya, ya sa ta a akwatin gilashi.

Ya kira ni ne don ina Lome, kuma irin wannan mesa daga nan yankin take. Ƙarama ce, ba ta cika wuce mita ɗaya da rabi ba, in ta tsorata sai ta dunƙule kamar ƙwallo ta ɓoye kai. Togo da Benin da Ghana ne suka fi fitar da ita zuwa Turai da Amurka, da takardun izini. A Wida ta Benin ma har ɗakin bauta take da shi.

Sai na tambayi wani abokin ciniki da ke kiwonsu. Dariya ya yi, ya ce ƙin ci halinta ne. Lafiyayya babba tana iya yin watanni haka, musamman lokacin sanyi da barbara, namijin ma ya fi yi. In za ta yi saɓa, idonta ya kan dushe, ba ta kula ɓera sai ta tuɓe tsohuwar fata.

Abin da ya fi damuna shi ne sanyin Jamus. Maciji ba ya ɗumama jikinsa da kansa, in wuri ya yi sanyi abinci ba ya narkewa a cikinsa, sai ya ƙi ci. Ana so gefe ɗaya na akwatin ya kai digiri 31 ko 32. Kuma a daji cikin ramin ɓera ko suri take kwana, don haka akwatin da babu maɓoya tsoratar da ita yake. Yaron nan kuwa kullum sai ya ɗauko ta ya nuna wa abokai.

Na ce ya bar taɓa ta, ya riƙa auna ta a sikeli. In nauyi bai ragu sosai ba, ya yi haƙuri. In tana ramewa, ko tana numfashi baki buɗe da majina, ya kai ta wurin likitan dabbobi. Kada ya ɗura mata abinci, kada kuma ya bar ɓera mai rai ya kwana da ita, ɓeran ne zai gaigaye ta.

Uwarsa dai har yau ba ta san yana kwana ɗaki ɗaya da mesa ba, ni ma ban faɗa mata ba.