Faifan Fatou na farko da makaɗan Adar da ba a naɗa ba

A shekarar 2016 kamfanin Sahel Sounds na birnin Portland a Amurka ya fitar da faifan farko na Les Filles de Illighadad, wato 'yan matan ƙauyen Illighadad da ke yankin Abalak a jihar Tahoua. Rabin faifan muryar Fatou Seidi Ghali ce da jita marar lantarki, tana rera waƙoƙin Tamashek a hankali, ɗaya rabin kuma kiɗan tende ne na matan Abzinawa. Ba a shiga situdiyo ba, a fili aka naɗe shi a ƙauyen. Fatou kuwa da jitar ɗan'uwanta ta koya wa kanta kiɗa.

Wannan faifai marar hayaniya ne ya buɗe musu hanyar Turai da Amurka, har faifai na biyu, Eghass Malan, ya biyo baya a 2017.

Abin da ya kamata ya dami mutanen Tamaske, Keita, Bouza da Madaoua shi ne: sai da baƙo ya taso daga wata uwa duniya da 'yar na'urarsa kafin a ji Fatou. A wannan jiha ɗaya akwai masu gurmi da goge da ke waƙar noma, da ci-rani, da kewar gida da Hausar Adar, amma ba a jin su sai a wurin biki ko ranar kasuwa. In tsoho ya rasu, waƙoƙinsa sun bi shi.

Matasa na ganin waƙa ba ta cika ba sai an haɗa da kiɗan kwamfuta an gyara murya irin na finafinan Kano. Ba laifi ba ne. Shi kansa Mdou Moctar haka ya naɗi faifansa na farko a Sakkwato a 2008. Sai dai Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi suna.

Aikin bai fi ƙarfin gida ba. Gidajen rediyon karkara na da makirfo, kuma 'yan kasuwar Tamaske da ke Najeriya na iya ɗaukar nauyin naɗar. Masu shirya gasar Ɗan Gurmu a Tahoua su ma su ware rukuni na mawaƙi ɗaya da abin kiɗa ɗaya, a kuma rubuta yarjejeniya tun farko kan wanda ke da haƙƙin waƙar da kason da mawaƙi zai samu.